Muryar da Na Ara wa Audu

Daga hannun mahaifinka Haruna, a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, zuwa ga ɗana Isiyaku.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka ka sauka Zariya lafiya, lorinku bai kafe a laka ba kafin Funtuwa. Allah ya tsare ka a masauki kamar yadda ya tsare ka a hanya, ya haɗa ka da abokan zama na kirki.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ranar da za ka tafi na zaunar da kai a zaure don in faɗa maka wata magana, sai na ɓige da zancen bargo da takalmi. Baki ya kasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka bayyana mani yadda karatun kwalejin horon malamai yake. Ka ce ana jera ku a babban ɗaki, kowa da teburinsa, a raba takardun jarrabawa, Bature yana zagayawa. Wanda ya ci a ba shi takardar shaida, a tura shi ya koyar da ɗiyan mutane, shi ma ya riƙa ba wasu maki. Ni ban taɓa zama kan tebur ba. Amma an jarraba ni, na kuma jarraba wasu, kuma ko'ina na yi kuskure. Gara ka ji daga wurina.

Ka san Baba Audu, Allah ya jiƙansa, dattijon nan da ka tashi ka gani yana zama cikin ɗalibaina da furfurarsa. Ɗan wan mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi, kuma muryarmu iri ɗaya ce, har iyayenmu mata kan amsa wa ɗaya suna zaton ɗayan ne. Da muka yi sauka muka zama samari, sai aka tura mu Faskari karatun littattafai wurin wani babban malami da ake ce wa Malam Tsoho. Makaho ne. Zaurensa yana gindin dutse, ko da rana tsaka akwai sanyi da duhu a ciki. In ɗalibi ya gama littafin fiƙihu, sai Malam ya zaunar da shi gabansa ya yi ta yi mashi tambayoyi. In ya gamsu, ya ɗora mashi hannu a ka, ya ba shi izinin karantarwa da limanci. In bai gamsu ba, ya ce, "Koma ka sake." Ba wanda ya taɓa jin ya ƙara kalma a kan haka.

Audu mutumin kirki ne. Ba wanda ya kai shi noma a gonar Malam, ba wanda ya kai shi kyauta. Amma karatu ba ya zama a kansa da sauri, ga shi wata damina mahaifinsa ya kwanta ciwo, Audu ya koma gida jinya, babukan ƙarshe suka wuce shi, har da babin jana'iza. Ana haka sai dangin mahaifiyarsa, mutanen wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, suka aiko cewa limaminsu ya rasu, suna son Audu ya zo ya riƙe masu masallaci. Ba abin da ya rage mashi sai izinin Malam.

Ya zaɓi ranar kasuwar 'Yankara, da sauran ɗalibai suka watse. Ya ja ni bayan dutse ya ce, "Haruna, ka shigo ka zauna bayana. Ba sai ka ce komai ba. In na san kana kusa, zuciyata za ta kwanta."

Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na bi sawunsa, na zauna dab da bayansa. Malam yana kan buzunsa, idanunsa farare fat suna kallon rufin zaure. Ya tambayi alwala, Audu ya amsa. Ya tambayi gyaran salla, ya amsa yana ɗan in'ina. Sai Malam ya ce, "Wace gawa ce ba a gaggauta binne ta?"

Audu ya yi shiru. Ina ganin gumi yana gangarowa ta ƙeyarsa. Na tuna ƙauyen da ke jiransa, na tuna irin dariyar da za a yi mashi. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, wanda ya nutse a ruwa, da wanda tsawa ta faɗa wa, da wanda gini ya rufta wa, da wanda ya yanke jiki ya faɗi farat ɗaya. Waɗannan a jinkirta har jiki ya nuna alama, don sau da yawa rai yana nan ya ɓuya.

Malam ya sauke kansa a hankali. Idanun nan da ba su gani suka wuce fuskar Audu, suka tsallake kafaɗarsa, suka tsaya a kaina.

Ya ce, "Audu, muryarka ta matsa baya."

Audu ya ce, "Allah gafarta Malam, zama na gyara."

Malam ya ƙara wasu tambayoyi a babin, duk ni na amsa. Sannan ya miƙa hannu. Hannun ya wuce saman kan Audu, ya zo ya tsaya a iska kusa da fuskata, har ina jin ƙamshin tawada a yatsunsa. Na riƙe numfashi. Ya daɗe a haka kafin ya janye, ya ɗora a kan Audu.

Ya ce, "Na ba da izini ga wanda ya amsa. Abin da ya biyo baya kuwa, ku raba."

Da muka fito na ce wa Audu, "Ka ji 'ku' ya ce?" Ya yi dariya ya ce tsufa ne. Ya rungume ni, ya ce ba zai taɓa manta wannan alheri ba. Ni ma alheri na ɗauke shi.

Isiyaku, a ɗakin jarrabawar nan naku za a sami wani Audu. Ba mugu ba ne. Wataƙila shi ne wanda ya yi jinyarka da zazzaɓi ya kama ka, ko wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya. Zai taɓa ka da ƙafa, ko ya roƙe ka ka ɗan karkata takardarka. Zuciyarka za ta ce maka zumunci ne. Kafin ka karkata, ka tambayi kanka su wa za a damƙa mashi in ya fita da takardar shaidar. Waɗannan mutanen ba su cikin ɗakin, ba su da bakin cewa a'a. In kana son abokinka, ka zauna da shi tun kafin ranar, ka bita mashi har muryarka ta dushe. Ranar jarrabawa kuwa ka bar shi da kansa. Kai ma kada ka ari amsar kowa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kuskurena na biyu ya fi na farko arha, don bai ci mani komai ba sai kalma guda.

Shekaru suka wuce. Malam Tsoho ya rasu ba mu taɓa komawa mun faɗa mashi gaskiya ba. Na dawo Mabai na buɗe zaurena, ɗalibai suka fara zuwa daga Pauwa da kewaye, suna ya fara fita. Wata bazara sai ga Audu a kan jaki, da tulun zuma ya kawo mani. Da muka keɓe ya ce, "Haruna, ina son ka biya mani babukan nan da suka wuce ni. Ina ja wa mutane salla, ina raɗa suna, ina kai gawa, amma kwaikwayon abin da na gani kawai nake yi. Kullum gabana faɗuwa yake."

Ka san abin da ya zo mani a rai? Na ce in ɗalibaina suka ga limami mai izinin Malam Tsoho ya durƙusa yana ɗaukar karatu, za su tambayi yadda aka yi ya sami izinin, daga nan zance ya zo kaina. Sai na ce mashi, "Yanzu ga shuka ta matso. Ka dawo in an kai amfanin gona gida, mu zauna a tsanake."

Ya ce to. Muka sha fura, ya hau jakinsa. A tsawon shan furar nan da na faɗa mashi abin da na amsa a zauren Faskari, da ya isa. Ban faɗa ba, don na ɗauka ya ji. Ashe a ranar tsoro ya toshe mashi kunne, ya san dai an yi magana a bayansa, amma ko kalma ɗaya bai riƙe ba.

Saboda haka in ka zama malami, duk wanda ya zo ya ce maka "ban gane ba", ka aje abin da ke hannunka. Yaro ne ko babba, a aji ne ko a bakin hanya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya haɗiye kunya ya furta wannan kalma, kuma ba lalle ya iya furta ta karo na biyu ba. Kada ka ce mashi gobe.

A daminar wannan shekarar ce, gero ya kai gwiwa, manzo ya zo daga ƙauyen Audu. Ya ce limaminsu yana roƙo in zo da gaggawa a yi addu'a, don mutane sun ƙaurace wa gonakin da ke kusa da maƙabarta. Na tambaye shi dalili, ya ƙi faɗi. Ya ce in na je na ji.

Na isa da hantsi, rana ta fito sarai bayan ruwa. Ƙauyen shiru, ba ka jin ko daka. Audu ya tarye ni a ƙofar masallaci, ya rame. Ya ba ni labari. Wani magidanci mai suna Tanko yana noma da azahar, hadari ya taso, ya fake gindin ɗorawa, tsawa ta faɗa mashi. Aka iske shi kwance ba numfashi, ba ƙuna a jikinsa sai wani ɗan layi a kafaɗa. Aka yayyafa mashi nono kamar yadda aka saba kafin a taɓa shi. Wani hadarin yana haɗowa, jama'a suka ce a hanzarta. Kafin la'asar an yi mashi wanka, an yi salla, an rufe.

Washegari mata masu zuwa rijiya suka ji ƙwanƙwasa daga wajen sabon kabarin, kamar ana buga icce da icce. Suka zubar da tuluna suka gudu. Wani makiyayi ya ce shi har murya ya ji, siririya, tana fitowa daga ƙasa. Gari ya ɗauka azabar kabari ce. Mahaifiyar Tanko, wata tsohuwa da ake kira Inna Kande, ta fito da gudu ba mayafi tana cewa ɗanta ne ke kiranta. Aka riƙe ta. Audu da kansa ya ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, ba muryarsa ba ce. Shaiɗan ne ke kwaikwayo." Ƙwanƙwasar ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

Na ce, "Audu, da tsawar ta faɗa mashi, kun jinkirta?"

Ya dube ni da idon da ba komai cikinsa sai gajiya. Ya ce, "Jinkirta me?"

Ɗana, na ji maganganu masu nauyi a rayuwata, ban taɓa jin wadda ta kai wannan ba.

Na sa aka kira mai gari da dattawa, na ce a buɗe kabarin. Suka yi ta ja da baya, har Audu ya karɓi fartanya da hannunsa. Da aka kwashe ƙasa, muka ga itatuwan da aka jera sun goce daga wurinsu. Ba zan zana maka duk abin da na gani ba. Likkafanin a yage yake. An kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar gabas, muka iske shi a rigingine, tafin hannuwansa biyu suna tokare da iccen da ke samansa.

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi. Kowa ya tsaya kamar an dasa shi. Wata kurciya tana ta kuka a kan ɗorawa can nesa, ita kaɗai ake ji. Audu ya aje fartanya ya ce, "Jama'a, da ransa na rufe shi." Na ce masu ba shi kaɗai ba ne, na faɗi abin da ya faru a zauren Faskari tun daga farko. Wasu suka tofa yawu suka juya. Ban ga laifinsu ba.

Muka gyara mashi kwanciya, muka mayar da ƙasa, muka tafi wurin Inna Kande. Tana zaune bakin ɗakinta tana tsince wake. Ta saurare mu har muka gama, hannunta bai tsaya ba. Sannan ta dubi Audu ta ce, "Ashe muryarsa ce." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai ne ka sani?" Na ce ni ne. Ta ce, "Kai da ka sani kana Mabai. Mu aka aiko mamu wanda bai sani ba." Ba ta zage mu ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, mu muka gaji da tsayuwa muka fita.

Audu ya aje limanci a ranar. Bayan 'yan watanni ya kwaso iyalinsa ya dawo Mabai. A nan ne ya faɗa mani cewa duk sa'ad da ya kai goshinsa ƙasa a sujada, yana jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashi. A masallaci, a gona, a kan dutse, ko'ina. Na ce mashi waswasi ne. Amma wata la'asar muna sahu ɗaya, kafaɗata tana gogar tasa, muka yi sujada tare. Ba zan ce maka na ji ba. Ba kuma zan ce ban ji ba. Na dai san na ɗago kafin liman ya ɗago.

Daga nan na faɗa kuskure na uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na zama malamin da ba ya ba kowa izini. Akwai wani ɗalibina, Bawa, mutumin Pauwa, mai kaifin kai da tsoron Allah. Ya zauna gabana ya amsa duk abin da na tambaya. Na ce ya koma ya sake. Ya dawo, na tono mashi tambayoyin da ni kaina sai na duba littafi, ya yi tuntuɓe a guda, na ce ya koma. A karo na ƙarshe ya ce, "Allah gafarta Malam, in akwai inda na gaza a nuna mani in gyara." Ba ni da abin nunawa. Ya yi mani sallama cikin ladabi, ya bar karatu, ya shiga fataucin goro. Garinsu ya rasa malamin da ya dace da shi, don ni ina jin tsoron inuwata.

To ka kiyaye wannan ma. In alƙalamin maki ya zo hannunka, kada ka ba wanda bai ci ba, ko ɗan hakimi ne, ko an aiko wa mahaifiyarka da buhun dawa. Amma kada ka hana wanda ya ci don a ce kai malami ne mai tsanani. Duka biyun ƙarya ce kake shaidawa. Ka tambayi abin da ka koyar, ka auna kowa da mudu ɗaya, wanda ya faɗi ka nuna mashi inda ya faɗi. Kuma in ka ji murya ta matsa baya, kada ka yi irin ta Malam Tsoho. Allah ya jiƙansa, malamina ne, amma ya sani ya yi shiru, ya bar mu da magana mai harshen damo. Da ya ce "Haruna, fita", da kunyar yini ɗaya ce kawai.

Audu ne ya warkar da ni, ba tare da ya nufa ba. Wata safiya ya shigo zaure da littafinsa, ya zauna cikin samarin da ya isa ya haifi wasunsu, ya buɗe shafin farko. Aka yi ta ƙus-ƙus, bai kula ba. Shekara da shekaru yana nan, yana biya layi ɗaya sau goma. Kai kanka ka sha kai mashi ruwa. Da ya kai ƙarshe ya ce in jarraba shi, amma a gaban kowa, kuma kada kowa ya zauna bayansa. Aka share mashi fili, ya zauna shi kaɗai a tsakiyar zaure.

Ya faɗi. Na so in rufe ido in wuce da shi, ya gane, ya ce, "Haruna, kada ka sake yi mani." Na ce ya koma ya sake, na nuna mashi wuraren. Ya koma. Da ya dawo bayan girbi, na bi shi babi babi, ban sassauta ba, ban kuma tsananta ba. Da na zo tambayar nan ta gawar da ba a gaggauta binnewa, sai shi ya riga ni, ya yi wa kansa ita, ya amsa, ya kawo har abin da ni ban faɗa ba a Faskari. Na ɗora mashi hannu a ka.

Na ce ko zai nemi wani masallaci. Ya ce a'a, shi dai ya so ya sani ne. Da jama'a suka watse na tambaye shi a hankali, "Tanko ya daina ƙwanƙwasawa?"

Ya ce, "Bai daina ba. Amma a da in ya ƙwanƙwasa ba ni da abin cewa. Yanzu nakan ce mashi, Tanko, na koya, da bakina. Sai in ji ya ɗan saurara."

Bai ga damina ta gaba ba. Ni na yi mashi wanka.

Abin da nake da shi ke nan, Isiyaku. Karatunku ba irin namu ba ne, kuma ana ta cewa nan gaba ku ne za ku riƙe ƙasar in Turawa sun tafi. Waɗanda za ka sa wa hannu, wani zai riƙe allura a asibiti, wani zai zauna kujerar shari'a, wani zai auna gada. Ba za ka san inda za a kai su ba, ba kuma za ka kasance a wurin ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci ko bai yi maka daɗi ba. Ka riƙe salla a kan lokacinta. In ka faɗi wata jarrabawa, ka rubuto ka faɗa mani kai tsaye, ba zan ji kunyarka ba, ƙofar gidan nan a buɗe take. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani, ya sa kada a cuci kowa ta hannunka. Allah ya jiƙan Tanko da Inna Kande da Baba Audu, ka riƙa sa su a addu'a. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Haruna, Mabai.